Motar Shaƙatawa: Shirinta da Kula da Kayan Kariyarta

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata irin mota da ake shirya wa iyali musamman domin yawon hutu. A cikinta akwai gado da wurin girki da tankin ruwa, wata ma har da makewayi, ta yadda duk inda dare ya riski masu ita, nan ne masaukinsu. Tun a 1951 wani kamfanin Jamus mai suna Westfalia ya soma mai da ƙananan bas-bas ƙirar Volkswagen zuwa irin wannan ɗaki mai tafiya. Mutanen Arewa ba baƙin ganinta ba ne, domin a shekarun 1970 da 1980 Turawa masu yawon buɗe ido sukan ratso Hamada da ita ta Tamanrasset da Agadas da Damagaram, su ya da zango a Kano, jarkoki da shebur da tayoyi ɗaure a bisa rufi.

Magidancin Misau ko na Azare da ke sha'awar irin wannan tafiya ba lalle ne ya yi odar mota daga waje ba. Hasali ma wadda aka ƙera domin Ingila ba ta dace da mu ba, gama sitiyarinta a dama yake, ƙofar ɗakinta kuma tana buɗewa ta gefen da motoci ke wucewa, alhali tun ran 2 ga Afrilu, 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama. Abin da ya fi sauƙi shi ne mutum ya gyara abin da yake da shi, watau ƙaramar bas irin su Hiace, ko Sienna, ko akori-kura mai rumfa, ya kai wa kafinta da mai walda su yi masa wurin kwanciya da ma'ajin kaya. Da ita sai ya kwashi iyali zuwa gandun dajin Yankari, ko fadamun Haɗejiya da Nguru inda tsuntsaye ke sauka da hunturu, ko kallon hawan Salla a wani gari. Abin da za a bayyana a nan ya shafi fatake masu bin kasuwannin dabbobi da ma'aikata masu rangadi su ma, muddin suna kwana da girki a jikin mota.

Abin lura guda ne. Mota ita kaɗai tana ɗauke da man fetur da wutar batir. Gida shi kaɗai yana da murhu da mutane masu barci. Ranar da aka haɗa su biyun wuri guda, an tara wuta da mai da masu barci a cikin akwatin ƙarfe wanda faɗinsa bai kai taku uku ba, kuma sau da yawa a wurin da babu maƙwabcin da zai ji kururuwa. Wannan shi ne dalilin da ya sa shirin irin wannan mota ya bambanta da na motar zuwa ofis.

NAUYI DA ƊAURIN KAYA

Kowace mota tana da iyakar nauyin da masu ƙera ta suka yanka mata. Akan rubuta shi a wani ɗan faranti a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a littafin motar. Kafin a buga ƙusa ko ɗaya, ya kamata mai mota ya zauna da takarda da fensir ya yi lissafi. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, saboda haka jarka huɗu masu cin lita 25 kilo 100 ke nan cif. Tukunyar gas mai kilo 12.5 in an cika ta takan kai ninkin haka, domin ƙarfen jikinta ma nauyi ne. A ƙara katakon gado da katifu da batir na biyu da janareto da buhun shinkafa, sa'an nan a ƙara mutanen da kansu. Da yawa sai sun gama lissafi suke gane cewa kayan sun cinye rabon mutum biyu ko uku. Motar da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta tana bukatar doguwar tazara kafin ta tsaya, tayoyinta suna saurin ɗaukar zafi, kuma takan yi tangaɗi a kwana.

Inda aka ajiye nauyin yana da muhimmanci kamar yawansa. Masu nauyi, irin su ruwa da batir da akwatin sifanoni, a ƙasa ake sa su, tsakanin tayoyin gaba da na baya, kuma a raba su daidai hagu da dama. Rufin mota na tabarmi ne da katifu da tanti. Wanda ya jera jarkokin ruwa a sama ya mai da motarsa tamkar mai tallar da ta ɗauki tulu a ka tana gudu, ƙaramin rami ya isa ya kifar da ita.

Duk abin da aka girka a ciki lalle ne a ɗaure shi da noti a jikin ƙarfen motar, ba a jikin kwali ko robar da aka yi wa ciki ado da ita ba. Kabad ɗin da aka jingina kawai, in aka taka birki da ƙarfi, zai taho gaba da nauyin da ya ninka nasa sau da yawa, kuma ƙeyar yara zai fara samu. Ƙofofin kabad su kasance da sakata. Mai walda ya kiyayi huda ƙasan mota da ka, domin bututun man birki da na fetur da wayoyi ta nan suke bi. A cire kan batir kafin a fara walda.

Gado na tsayuwa ne, kujera ta tafiya. Kada a cire kujerun da ke da bel a maye gurbinsu da benci. Tun daga 2003 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, take tilasta ɗaura bel, kuma yaron da ke kwance a katifa mota na gudu ba shi da abin da zai riƙe shi in an yi karo. Bayan an gama gyara, a kai motar wurin jami'an duba lafiyar motoci su gani, a kuma sanar da kamfanin inshora canjin da aka yi, don kada ranar neman diyya a ce motar da aka yi wa inshora dabam ce.

GAS DA WURIN GIRKI

A nan ne ya kamata a fi tsayawa. Iskar gas ta girki ta fi iskar da muke shaƙa nauyi. In ta tsiyaye ba ta tashi sama ta fice ta taga kamar hayaƙi, sai ta kwanta a ƙasa ta taru a lunguna kamar ruwa, a daidai inda masu kwana suka sa kawunansu da inda wayoyin batir suke. Ƙyastu ɗaya, ko na makunnin fitila ne, ya isa. Saboda haka ma'ajin tukunyar gas sai ya zama akwati na dabam wanda ba ya buɗewa zuwa cikin ɗaki, kuma a huda masa rami a can ƙasansa wanda ya fita waje, domin abin da ya tsiyaye ya zube ƙasa. Ramin nan ba a toshe shi da tsumma don ƙura, ko da hunturu ne.

Tukunyar a tsaye take zama kullum, a ɗaure da maɗauri biyu. In an kwantar da ita, ruwan gas ɗin ne zai iso bakinta maimakon iskarsa, kuma wutar da zai bayar ta fi ƙarfin risho. Ba a cika tukunya maƙil. Ƙa'ida ita ce a bar kashi ɗaya cikin biyar ba kome, domin gas yana kumbura da zafi. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a ƙasar Misau da Katagum, inda zafin watan Maris da Afrilu yakan haura digiri 40 a inuwa, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya wuce haka nesa. Mai sayar da gas da ya ce zai yi wa mutum gyara ya danna masa fiye da awo ba alheri ya yi masa ba. Ita kanta tukunyar tana da shekaru. Ana buga ranar ƙirarta a jikin mariƙinta, kuma Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya ta sa shekara 15 a matsayin iyakar amfani da ita. Wadda ta lotse, ko tsatsa ta ci gindinta, ko aka taɓa yi mata walda, a rabu da ita kome arharta. Araha ba ta ado.

Gwajin yoyo ba shi da wuya. A kaɗa sabulu a ruwa, a shafa kumfar a bakin tukunya da kan da ke daidaita ƙarfin gas da duk mahaɗar tiyo, sa'an nan a buɗe. Inda kumfa ta riƙa hurowa, nan ne ɓarakar take. Har yanzu akan sami masu gwadawa da ashana, kuma waɗansunsu ba su sami damar gwadawa karo na biyu ba. Tiyo yana bushewa ya tsattsage saboda zafi da jijjiga. A lanƙwasa shi a duba, in an ga zane-zanen tsagewa a sake sabo, kuma a sayi wanda aka yi domin gas, ba tiyon ban ruwa ba.

Mafi aminci duka shi ne a yi girki a waje, a ƙarƙashin rumfar tamfol, taku da yawa daga motar. Yanayin ƙasarmu ya ba da damar haka kusan duk shekara, abin da Bature a ƙasar ƙanƙara ba shi da shi. A rufe tukunya daga bakinta da zarar an sauke abinci, da kuma kafin mota ta motsa. A gidan mai kuwa kada a bar wata wuta kunne, ko ta risho ko ta firji mai aiki da gas.

GUBAR DA BA TA DA WARI

Duk abin da ke ci da wuta a wurin da iska ba ta wadata ba, gawayi ne ko kananzir ko fetur ko gas, yana fitar da wata guba da masana ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Tana shiga jini ta kama gurbin iskar da jiki ke rayuwa da ita. Mai farke zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, ya ɗauka gajiyar hanya ce ko zazzaɓi. Mai barci ba ya jin kome. Jaridun ƙasar nan sun sha kawo labarin iyali guda da aka wayi gari babu ko ɗaya saboda janareton da aka kunna a cikin gida, kuma mota ta fi kowane ɗaki ƙanƙanta.

Hanyoyin da take shiga motar kwana sanannu ne. Akwai kaskon gawayi da ake shigarwa don jin ɗumi a daren Disamba da Janairu. Akwai injin motar da ake bari yana aiki don na'urar sanyaya ɗaki, alhali salansa ta ɓule ko iska na maido hayaƙin ta ƙarƙashi. Akwai janareto da aka ajiye gab da taga don tsoron ɓarawo. Maganin sanyi bargo ne. Maganin zafi tagogi ne masu raga da ƙaramar fanka mai aiki da batir. Janareto kuwa a kai shi nesa, kamar taku goma, ta inda iska za ta kwashe hayaƙinsa ta yi gaba da shi, in ana tsoron sata a ɗaure shi da sarƙa a jikin itace. A bar taga biyu a ɗan buɗe duk dare, ɗaya ta kowane gefe.

Ana sayar da wata 'yar na'ura mai batir wadda ke yin ƙara in ta ji wannan guba. Kuɗinta bai kai na taya ɗaya ba. A maƙala ta kusa da inda ake kwana, a danna maɓallin gwajinta kafin kowace tafiya, a sake mata batir duk shekara. Ita ma tana tsufa, domin abin da ke jin gubar a cikinta yakan daina aiki bayan 'yan shekaru, kuma ana rubuta wa'adinta a bayanta. In ta yi ƙara, ko wani ya farka da matsanancin ciwon kai, a fitar da kowa waje nan take, a buɗe ƙofofi, a nufi asibiti ko da an ga kamar an warware.

WUTAR LANTARKI

Fitilu da fanka da cajin waya su sha daga batir na biyu, don kada a wayi gari a daji motar ta ƙi tashi. Ko da injin motar ke cika shi ko farantin sola, wajibi ne a sa fis a kan wayar kusa da kan batir. Fis shi ne mai gadin da ke mutuwa don gida ya tsira. Al'adar nan ta naɗa zaren waya ko takardar sigari a gurbin fis ɗin da ya ƙone ita ce asalin gobarar motoci da dama. In fis ya ƙone sau biyu a jere, akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe, sai a nemo ta. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. Batir mai ruwa yana fitar da iska mai kamawa da wuta sa'ad da yake caji, don haka akwatinsa ya sami mafitar iska, kuma kada ya haɗa ma'aji da tukunyar gas.

ABIN KASHE GOBARA

Doka ta wajabta wa kowace mota ɗaukar tukunyar kashe gobara, amma gaskiyar magana ita ce yawancin direbobi suna ajiye ta ne don nuna wa jami'ai a shingen bincike. Tana can ƙarƙashin kaya, shekara da shekaru ba wanda ya dubi fuskarta. Motar da ake girki da kwana a cikinta tana bukatar guda biyu masu gari, irin waɗanda aka rubuta wa haruffan A da B da C, domin su ne ke kashe wutar katako da tufafi, da ta fetur, da ta gas. Ɗaya kusa da direba, ɗaya kuma, mai kilo biyu, a bakin ƙofar da ake fita. A maƙala su a mariƙinsu inda hannu zai kai cikin duhu. Ba a ajiye ta a bayan risho, domin in wuta ta tashi sai an ratsa wutar kafin a ɗauko ta.

Kulawarta sau ɗaya ce a wata, kuma ba ta cin minti biyar. A dubi allurar agogonta, ta kasance a kan kore. A duba fil ɗin da hatiminsa suna nan. A leƙa bakinta, domin zanzaro yana son gina ɗakinsa a irin wannan rami. Sa'an nan a juya ta kai ƙasa a bubbuga gindinta da tafin hannu har a ji garin yana zuba a ciki. Dalili kuwa shi ne jijjigar hanya tana danƙare garin ya zama kamar dutse, allura tana nuna kore amma in an matsa iska kawai za ta fito. Wadda aka taɓa fesawa, ko sau ɗaya ne don gwaji, a kai a sake cika ta, gama sauran ƙarfinta zai sulale cikin 'yan kwanaki.

Ƙaramar tukunya ba ta wuce daƙiƙa goma tana fesawa. Wanda bai san haka ba zai ƙarar da ita a kan harshen wuta. Abin yi shi ne a fara fitar da mutane, a kashe inji, a rufe gas in ana iya kaiwa gare shi. Sa'an nan a tsaya taku biyu ko uku, iska tana bayan mutum, a zare fil, a auna gindin wutar, a matsa ana kaɗawa hagu da dama. In wutar a cikin inji take, kada a wangale murfin, domin iskar da za ta shiga abincinta ce. A ɗaga kaɗan a fesa ta kafar. Ba a zuba ruwa a wutar fetur ko ta man girki, sai dai yashi, ko murfin tukunya, ko jiƙaƙƙen bargo. Wutar da ta kai ga tankin mai ko tukunyar gas ta fi ƙarfin kowa, sai a ja da baya nesa a bar mata motar.

Bai isa a ce maigida kaɗai ya iya wannan ba. Shi ne sau da yawa yake can wurin alwala ko neman itace sa'ad da abin zai faru, uwargida da yara ne a bakin murhu. A koya wa duk wanda ya kai shekarun hankali, a kuma nuna wa ƙanana yadda ake buɗe ƙofar baya daga ciki. Ƙofar da aka tokare da kaya ba ƙofa ba ce.

TAYA DA BIRKI

A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2321, an yi ta ne a mako na 23 na 2021. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta sha yin gargaɗi game da tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙira. Motar shaƙatawa ta fi shiga wannan tarko, domin takan yi watanni a ajiye a rana, zanen tayarta yana nan kamar sabo amma gefenta ya tsattsage. Zurfin zanen kada ya gaza milimita 1.6. A auna iska da safe kafin taya ta yi zafi, bisa adadin da aka rubuta na mota mai cikakken kaya, ba bisa bugun ƙafar mai faci ba. Iskar da ta ƙaru saboda zafin kwalta ba a rage ta. Tayar ajiya ita ma a auna ta, a kuma gwada jak a gida a tabbata yana iya ɗaga motar da kayanta. A riƙe guntun katako mai kauri da za a ɗora jak a kai, saboda a yashin ƙasar nan jak nutsewa yake yi.

Man birki yana shan damshin iska a hankali, kuma idan ya sha, yakan tafasa a lokacin da aka fi bukatarsa. A sake shi duk shekara biyu. A duba ruwan lagireto da bel ɗin fanka, kuma kada a buɗe lagireto yana da zafi.

Alamar nan mai kusurwa uku mai ƙyalli a riƙe guda biyu, ta gaba da ta baya, a ajiye su da nisa, kamar taku sittin, a ƙara nisan in a kwana ne ko bayan tudu. Ganyen da aka saba karyawa a zuba a titi ba ya ƙyalli da dare, kuma duwatsun da ake tokare taya da su a tafi a bari sun hallaka masu babur da yawa.

AKWATIN AGAJIN FARKO

A zuba bandeji da auduga da filasta da almakashi da safar hannu da maganin wanke rauni da na zazzaɓi, da ƙunshin gishiri da sukari na gudawa. In ƙunshin ya ƙare, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a litar ruwa mai tsabta sun wadatar. Mai ciwon sukari ko hawan jini ko asma ya riƙe maganinsa da rarar kwanaki. Zafin mota yana lalata magani kafin wa'adinsa, saboda haka bayan kowace tafiya a shigar da akwatin cikin gida.

Ƙuna ruwan sanyi take so, a yi ta zubawa har minti ashirin, ba manja ko ɗanyen ƙwai ko man goge baki ba. Kwanan daji kuma yana tare da haɗarin maciji, musamman kububuwa, wadda ta yi yawa a wannan sashe na ƙasa. Wanda ta sara kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti ba tare da ɓata lokaci ba. A Kaltungo ta Jihar Gombe akwai asibiti na musamman domin saran maciji. Takalmi mai rufi da tocila da dare suna rage yawan zuwa can.

A KAN HANYA DA WURIN SAUKA

Ba a fafe gora ranar tafiya. A kwana ɗaya a cikin motar a ƙofar gida tukuna, a yi girki, a kunna fitilu, a ga abin da ya gaza tun ana kusa da bakanike.

Mai zuwa Yankari daga Misau zai bi ta Kari da Darazo zuwa Bauchi, ya ɗauki hanyar Gombe har Dindima, sa'an nan ya karkata zuwa ƙofar gandun a Mainamaji. Daga ƙofar zuwa sansanin Wikki akwai kimanin kilomita 40 na daji, ba gidan mai ba mai faci, don haka a cika tanki tun daga Bauchi. An keɓe gandun a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, ya zama na Gwamnatin Tarayya a 1991, sa'an nan ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006. Rani ne lokacin ganin giwaye da ɓauna, sa'ad da suke taruwa a bakin kogin Gaji, kuma shi ne lokacin da ciyawa ta bushe ƙayau, wutar da aka bari ba a kashe ba tana iya cinye daji. A tambayi ma'aikata inda aka yarda a kafa tanti da hura wuta. Birai na sansanin Wikki sun ƙware wajen shiga mota, wanda ya bar taga a buɗe da burodi a kujera ya yi musu sadaka.

Gudun ƙaramar mota a babbar hanyar da ba tagwaye ba kada ya wuce kilomita 80 a sa'a, a cikin gari 50, kuma mota mai kaya gara ta yi ƙasa da haka. A tashi da sassafe a sauka kafin magariba. Da damina a tambayi labarin hanya kafin a fita, domin a 2024 ambaliya ta yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a ƙasar Katagum. Ruwan da ke gudu a kan titi ba a gwada zurfinsa da mota. Lambar kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122, ta gaggawa ta ƙasa baki ɗaya kuma 112, amma akwai wuraren da waya ba ta kamawa, saboda haka a bar wa wani a gida bayanin hanya da ranar komowa.

Ba a kwana a daji inda ba kowa. In dare ya yi a ƙauye, a yi sallama da mai unguwa ko dagaci, ko a nemi ofishin 'yan sanda, su nuna wurin da ya dace. A tsayar da mota a wuri mai lebur, ba cikin busasshen rafi ba, ba kan busasshiyar ciyawa ba, domin zafin salansa yana iya kunna ta. A ja birkin hannu, a tokare tayoyi, a juya gaban motar ya fuskanci mafita, makulli kuma ya kwana a inda kowane babba ya sani.

Bayan an komo gida, a sauke tukunyar gas a ajiye ta a inuwa inda iska ke ratsawa, a zubar da ruwan tanki a bar shi ya bushe, a cire kan batir na biyu. A ciki da murfin kabad a manna takarda mai ɗauke da ranar da aka duba abin kashe gobara, da shekarar tayoyi, da ranar da aka sake tiyon gas da man birki, da wa'adin magunguna, a riƙa sabunta ta duk farkon wata ko motar ta fita ko ba ta fita ba.